Hanyar jirgin ƙasa da gonar mutum: shari'o'in da anka yi a Amurka



Yau tarihi za mu taɓa. Tarihin wata doguwar rigima ce da anka yi a ƙasar Amurka, tsakanin kamfanonin jirgin ƙasa da masu gonaki da gidaje. Rigimar ta yi ta zuwa gaban alƙalai cikin shekara fiye da 180. Ku biyo mu sannu a hankali, ku ji yadda kowace shari'a ta ƙare.

Me ya sa jirgi ke tada rigimar ƙasa?

Mai jaki in ya tarar da gona, sai ya kewaye ta. Mai mota ma yana iya kauce wa rijiya. Jirgin ƙasa ba haka yake ba. Bisa ƙarfe biyu yake tafiya, yana jan kaya masu nauyin gaske. Ba ya son kwana mai tsanani, ba ya son hawan tudu. Shi ya sa masu awo ke jan hanyarsa a miƙe. Abin da ke gaba duka, gona ce ko gida ko makiyaya, sai hanya ta bi ta kansa.

To, a ce hanya za ta ratsa gonaki 1000. Masu gona 999 sun yarda sun sayar. Mutum ɗaya ya ce shi ko nawa za a ba shi ba ya sayarwa, gonar ubansa ce. Aiki ya tsaya ke nan?

Don gudun haka hukumomi ke riƙe da wani iko: ikon karɓar ƙasar mutum ko bai yarda ba, in aikin da za a yi na jama'a ne. Wanga iko yana da kaifi ƙwarai. In ba a yi masa iyaka ba, mai ƙarfi zai cinye na marar ƙarfi da sunan aikin jama'a.

A Amurka jirgi ya fara ɗaukar mutane a 1830. A 1869 anka haɗa hanyar da ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. Kafin 1916 tsawon hanyoyin jirgi ya wuce kilomita 400,000. Kowane kilomita kuwa bisa ƙasar wani ya bi. Kuma kamfanonin ƴan kasuwa ne sunka gina hanyoyin, don neman riba.

Abin da doka ta rubuta

Tun 1791 anka sa wani sharaɗi cikin tsarin mulkin Amurka. Ma'anarsa ita ce: ba a karɓar dukiyar mutum don amfanin jama'a sai an biya shi diyya ta adalci. Diyya, watau kuɗin da ake ba mutum a madadin abin da ya rasa.

Amma rubuta doka daban, aiki da ita daban. Amurka jahohi ce da yawa, kowace jaha da gwamnatinta da dokokinta, sa'an nan ga babbar gwamnati ta ƙasa duka a birnin Washinton. Wani mutum mai suna Barron yana da matsayar jiragen ruwa a birnin Baltimo. Hukumar birni ta yi aikin tituna, ta karkata ruwan ƙoramu. Yashi ya taru a matsayarsa, manyan jirage sunka daina zuwa. Kotun farko ta ba shi dala 4,500. Ku lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Hukuma ta ɗaukaka ƙara, anka soke kuɗin. Magana ta kai Kotun Ƙoli, watau babban gidan shari'ar da ba a wuce shi. A 1833 babban alƙali John Marshall ya yanke cewa sharaɗin 1791 babbar gwamnati kaɗai ya ɗaure, bai ɗaure jahohi da birane ba. Barron ya tashi hannu banza.

Ku riƙe wagga shari'a a ranku, za mu komo kanta. Daga nan tambayoyi uku sunka taso, su ne kuma alƙalai sunka yi ta fama da su.

Tambaya ta fari: don amfanin wa?

A jahar Niyok, a 1831, wani mai ƙasa ana ce da shi Beekman ya kai ƙarar kamfanin da ke gina hanyar jirgi zuwa garin Saratoga. Hujjarsa mai sauƙi ce. Ya ce kamfani ba gwamnati ba ne, ƴan kasuwa ne. Yaya za a karɓe ƙasarsa a ba ƴan kasuwa su ci riba?

Alƙali Walworth bai ba shi gaskiya ba. Ya ce ko da kamfani ke da hanyar, jama'a ne ke amfani da ita, matafiya da masu kaya. Saboda haka majalisar dokoki tana iya ara wa kamfani ikon karɓar ƙasa, muddin an biya mai ita.

Bayan shekara 6, a 1837, anka yanke hukunci a ƙarar da wani mai ƙasa, Bloodgood, ya kai kamfanin Mohawk da Hudson a wannan jaha. Ma'aikatan kamfani sun shiga filinsa sun kama aiki ba a biya shi ba. Babbar kotun jaha ta ce: shiga a yi awo halal ne. Amma haƙa da shimfiɗa ƙarfe, sai an ƙiyasta hasarar mai fili an biya tukuna, kamar yadda dokar kafa kamfanin ta tsara.

Kun ga an ba kamfani iko, an kuma ɗaura masa takunkumi.

Wata rana kuma sai reshe ya juya da mujiya. A ƙauyen Elmwood, cikin jahar Nebraska, wasu manoma sunka haɗa ƙungiya. Suna son gina babban rumbun alkama da masara a bakin tashar jirgi, bisa filin kamfanin Missouri Pacific. Da ma akwai rumbuna biyu na ƴan kasuwa a wurin. Manoman sunka ce masu rumbunan nan sun haɗa baki suna karya musu farashi. Kamfani ya hana su fili. Hukumar jaha ta tilasta wa kamfani ya ba su. A 1896 Kotun Ƙoli ta soke umurnin. Ta ce rumbun na ƴan ƙungiya ne, su kaɗai za su mallake shi. Karɓe dukiyar wani a miƙa wa wani don amfanin kansa, doka ba ta yarda ba, ko da an ce za a biya.

Manoman suna da kuka na gaskiya, amma sun faɗi. Ƙa'idar da ta kada su kuwa, ita ce ke tsare ƙaramin manomi ranar da wani attajiri ya sa ido bisa gonarsa.

Tambaya ta biyu: nawa za a biya?

A 1880 majalisar birnin Shikago ta yanke shawarar buɗe wani titi mai suna Rockwell. Titin zai bi ta filayen mutane, zai kuma tsallaka hanyar jirgin kamfanin Burlington. A can, wasu mutanen gari ne ake zaɓowa su zauna tare da alƙali su yanke yawan diyya. Masu filaye anka ba su kuɗin filayensu. Kamfani fa? Dala 1 tak.

Kamfani ya ce an ci zalinsa. Ya bi kotu bayan kotu har Kotun Ƙoli. Sai dai ga shari'ar Barron a gabansa kamar katanga: birni ne ya karɓi filin, ba babbar gwamnati ba. Lauyoyin kamfani sunka nemo wata ƙofa. Bayan yaƙin basasar Amurka, a 1868, an ƙara wani sharaɗi cikin tsarin mulki. Shi wannan jahohi ya ɗaure kai tsaye: kada jaha ta raba mutum da ransa, ko ƴancinsa, ko dukiyarsa, sai ta hanyar shari'a ta gaskiya.

Ran 1 ga watan Maris 1897 alƙali John Harlan ya bayyana hukunci. Ya ce karɓar dukiya ba diyya ba shari'a ta gaskiya ba ce, ko an cika takardu, ko an zauna kotu. Daga ranar nan, jaha ko birni, duk wanda ya karɓi ƙasar mutum dole ya biya.

To, kamfani ya samu ƙarin kuɗi? Ko anini. Kotu ta ce ba a tumɓuke ƙarfensa ba, jiragensa suna wucewa kamar da, mutane ne kawai za su riƙa tsallakawa. Kuɗin sa ƙyaure da ɗaukar mai gadi a mararraba kuwa, nauyin kamfani ne, don tsare rayukan jama'a. Dala 1 ta zauna. Alƙali ɗaya, David Brewer, ya ƙi yarda. A ganinsa an faɗi ƙa'ida mai kyau da baki, an kashe ta wajen biya.

Ku dubi abin mamaki. Babban kamfani mai tarin lauyoyi ya yi shari'a don aljihunsa, ya fito da dala 1. Amma katangar da ta tsai da Barron a 1833 ta faɗi a kan maganar diyya, kowane mai gona da mai gida a ƙasar ya samu wurin kai kuka.

Akwai kuma hasarar da ba a taɓa ƙasarka ba, amma ta same ka. A birnin Washinton an haƙa wa jirgi hanya ƙarƙashin ƙasa. Anka sa manyan injuna masu hura iska, suna koro hayaƙi da toka ta bakin ramin. Wani mutum gidansa na kusa da bakin. Hayaƙi ya riƙa cika masa ɗakuna, kaya sunka yi baƙi, darajar gida ta faɗi. Kamfani ya ce: ko taƙi ɗaya na filinka ba mu taɓa ba.

A 1914 Kotun Ƙoli ta raba maganar biyu. Ƙara da hayaƙin da jirgi ke yi in yana wucewa, wanda ke samun duk maƙwabtan hanya, ba a biyan diyyarsa. In an ce a biya kowa, ba jirgin da zai yi tafiya. Amma hayaƙin da anka tattara anka juye bisa gidan mutum ɗaya, wannan hasara ce ta musamman, sai an biya shi.

Tambaya ta uku: ƙasar ta wa ce?

Wagga ita ce mafi zafi. Kafin Turawa su zo Amurka akwai mutanen ƙasa na asali, ƙabilu da yawa, waɗanda ake kira Indiyawan Amurka. Tsakanin 1850 da 1871 babbar gwamnati ta yi wa kamfanonin jirgi kyautar ƙasa fiye da hekta miliyan 50, don su sayar su samu kuɗin gini. Cikin ƙasar nan akwai wadda ƙabilun ke zaune a kai tun kaka da kakanni.

Mu fara da ƙabilar Ceroki. A 1838 da 1839 soja sunka kore su daga ƙasarsu ta gabas zuwa inda jahar Oklahoma take yanzu. Dubbai sunka mutu a hanya. Anka ba su takarda cewa sabuwar ƙasar tasu ce. A 1884 majalisar dokokin ƙasa ta ba kamfanin Southern Kansas izinin ratsa ta da hanyar jirgi, ba da yardarsu ba. Ceroki sunka kai ƙara. Sunka ce su al'umma ce mai gwamnatin kanta, ga kuma takardun alkawari. A 1890 Kotun Ƙoli ta ce ikon babbar gwamnati ya hau ƙasarsu kamar yadda ya hau ta kowa. Hanya za ta wuce. Abin da ya rage musu shi ne a sake zama a kan yawan diyya. Takarda ba ta tsai da jirgi ba, haƙƙin biya kaɗai ta tsare.

Sai ƙabilar Walafai, a jahar Arizona, ƙasa mai duwatsu da ƙarancin ruwa. Su ba su da takardar mallaka ko ɗaya. A 1866 majalisa ta yi wa wani kamfani kyautar ƙasa a gefen hanyar da zai gina. An yanka ƙasar gida gida kamar gurabun dara: wannan gurbi na kamfani, na kusa da shi na gwamnati, haka har ƙarshe. Kowane gurbi ya kai hekta 259. Daga baya kyautar ta koma hannun kamfanin Santa Fe.

A 1874 soja sunka kwashe Walafai zuwa wani wuri mai zafi a bakin kogin Kolorado. Da yawa sunka mutu can. A 1875 sauran sunka gudo sunka komo gida. A 1883 shugaban ƙasa ya keɓe musu wani yanki na ƙasarsu. Amma kamfani ya ce rabin guraben da ke cikin yankin nasa ne. Ya kuma riƙe idon ruwan Peach Springs, domin jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, ba ya motsi sai da ruwa.

Hujjar kamfani ita ce: mutanen nan masu yawo ne, yau suna nan gobe suna can, ba su da wurin da za a ce nasu ne, ba su da takarda.

Wani ɗan ƙabilar, Fred Mahone, wanda ya yi soja a yaƙin duniya na fari, ya tsaya kan maganar shekara da shekaru. Ya yi ta rubuta wa hukumomi wasiƙu. Ya bi tsofaffi yana rubuta abin da sunka sani: sunan kowane idon ruwa, wane dangi ke shan sa, ina anka yi lambu, ina anka yi farauta, ina iyakarsu da maƙwabta. Daga baya lauyoyin gwamnati sunka ɗauki ƙarar a madadin ƙabilar. Kotu ta fari ta ba kamfani gaskiya. Ta biyu ma haka.

Ran 8 ga watan Disamba 1941 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, bakin alƙalai ya zo ɗaya. Alƙali William Douglas ya bayyana dalilai. In an tabbatar ƙabila ta zauna ƙasa ita kaɗai tun kakanni, tana da haƙƙi a kanta ko babu takarda. Kyautar 1866 ba ta share wanga haƙƙi ba. Korar da soja sunka yi musu a 1874 kuwa, ba a lissafa ta cikin barin ƙasa da son rai.

Nasarar ba cikakkiya ba ce. Kotu ta ce da sunka karɓi yankin 1883, sun saki abin da ke wajensa. Amma cikin yankin, kamfani ya janye hannunsa daga ƙasa mai faɗin hekta wajen 200,000. Shaidar tsofaffi, da anka rubuta anka adana, ta tsaya a gaban manyan lauyoyi.

In jirgi ya daina bi fa?

Kun san burtali. Dabbobi na da ikon wucewa ta cikinsa, amma makiyayi ba ya cewa burtali gonarsa ce. Wata dokar Amurka ta 1875 irin wanga iko ta ba kamfanoni bisa filayen gwamnati.

Kamfanin Great Northern ya so haƙar man fetur ƙarƙashin hanyarsa a jahar Montana. A 1942 Kotun Ƙoli ta hana. Ta ce ikon wucewa anka ba shi, abin da ke cikin ƙasa ba nasa ba ne.

A jahar Wyoming kuma, jirgi ya daina bin wata tsohuwar hanya, anka kwashe ƙarfen. Gwamnati ta so mai da ita hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa. Hanyar ta ratsa filin wani iyali, sunka ƙi. A 2014 alƙalai 8 cikin 9 sunka ba iyalin gaskiya: ikon wucewa ya mutu tare da tafiyar jirgi, fili ya koma ga mai shi ba wani nauyi a kansa. Inda kamfani ya sayi fili saye na sosai, hukuncin daban ne. Shi ya sa kalmar da anka rubuta ranar farko take da nauyi, ko bayan shekara 100: saye ne, ko izinin wucewa?

Ina ruwanmu da wanga tarihi?

Hukuncin alƙalin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Nijar. Kowace ƙasa da dokarta. Amma maganar jirgi ta iso ƙofarmu. Tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Dosso. A 2021 an ƙaddamar da aikin hanyar da anka tsara daga Kano, ta Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Ƙarfen nan ma bisa gonakin mutane yake bi.

Mu ma muna da namu rubutu. Dokar Nijar ta 1961, wadda anka gyara a 2008, ta ce ba a karɓar ƙasar mutum sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Dokar karkara ta 1993 ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta takarda, kariyarsu ɗaya. Ita ce kuma ta kawo kwamitocin ƙasa, masu rubuta shaidar mallakar gona.

Tarihin da munka karanta ya nuna doka ba ta tashi da kanta ta je gidan mutum. A Amurka an rubuta sharaɗin diyya a 1791, amma sai 1897 ya hau kan jahohi da birane, shekara 106 ke nan. Abin da anka samu duka, wani ne ya tashi ya tambaya, ya kawo shaida, ya jure jira. Wasu sun ci, wasu sun faɗi.

Saboda haka, ranar da kunka ga masu awo sun kafa turaku a gonakinku, kada ku tumɓuke, kada kuma ku yi shiru. Ku taru, ku je wurin mai gari da hukuma da tambayoyin nan uku. Aikin don amfanin wa za a yi shi? Nawa za a biya, wa ya ƙiyasta, yaushe kuɗin za su shigo hannu, an kuwa lissafa itatuwa da rijiya da amfanin da ke tsaye? Sunan wa anka rubuta a matsayin mai gona? Tun kafin ranar ta zo, ku zauna da tsofaffi da maƙwabta a tabbatar da iyakoki, a rubuta, a ajiye takardar inda gara da ruwan sama ba su kai gare ta.

Nan za mu dakata. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.